Richard Hamming: Mutumin da Ya Koya wa Kwamfuta Gyara Kuskurenta

Duk wanda ya taɓa barin kwamfuta tana wani dogon aiki ya je ya kwanta, da safe ya dawo ya tarar ta tsaya tun farkon dare, ya san irin takaicin da ake nufi. Ba ka ma san wanda za ka yi wa faɗa ba. Yawancinmu tsaki muke ja, mu sake kunnawa, mu ci gaba da harkar gabanmu. A shekarar 1947 irin wannan ta faru da wani masanin lissafi ɗan shekara 32 a Amurka, har mako biyu a jere. Shi ma ya ja tsakin, sai dai bai tsaya nan ba. Dabarar da ta fito daga takaicin nasa ita ce yau take gadin bayanai a cikin manyan kwamfutocin bankuna da na kamfanonin waya, da waɗanda ke riƙe da shafukan intanet ɗin da muke buɗewa kullum. Sunansa Richard Wesley Hamming, kuma shi ne baƙon wannan fili a wannan fitowa.

Ya nemi injiniya, ya samu lissafi

An haife shi a birnin Shikago ranar 11 ga Fabrairu, 1915. Sakandaren fasaha ya yi, wadda ake kira Crane Technical High School, daga nan ya wuce ƙaramar kwalejin Crane. Wato dai ta ƙofar makarantar fasaha ya shigo, kamar da yawa daga cikinmu. Burinsa ya zama injiniya. To amma ƙuruciyarsa ta zo daidai da karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da kuɗi suka yi wuyar gani a gidajen Amurkawa. Jami'a ɗaya ce tak ta ba shi sikolashif, Jami'ar Shikago, ita kuwa ba ta da sashen injiniya kwata-kwata. Duk wanda ya cike wani kwas aka ba shi wani ya san yadda wannan take a rai. Haka ya haƙura ya karanta lissafi, ya gama digirin farko a 1937. Daga baya shi da kansa ya riƙa ganin wannan canjin sa'a ce ta same shi.

Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Nebraska a 1939, sannan digirin digirgir a Jami'ar Illinois a 1942, duk a lissafi. A wannan shekarar, ranar 5 ga Satumba, ya auri Wanda Little, ɗaliba 'yar'uwarsa da ta karanta adabin Ingilishi. Sun zauna tare fiye da shekara 55, ba su samu haihuwa ba. Ya fara koyarwa a Illinois, a 1944 kuma ya koma makarantar injiniya ta Jami'ar Louisville a jihar Kentucky. Da abin ya tafi haka, da malamin lissafi zai ƙare, babu wanda zai ji sunansa a wajen ajinsa.

Mai kula da injina a Los Alamos

A watan Afrilun 1945, ana gab da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, ya bar koyarwa ya tafi Los Alamos a jihar New Mexico, inda Amurka take ƙera bam ɗin nukiliya a asirce. An sa shi a sashen Hans Bethe, aka damƙa masa injinan lissafi na IBM masu aiki da kati mai huda. Aikinsa shi ne ya tabbata injinan suna tafiya, don manyan masana kimiyya su samu sukunin yin nasu tunanin. Yakan yi wa kansa ba'a cewa shi mai shara ne kawai a ɗakin injina. Matarsa ma ta biyo shi, ta riƙa yi wa Enrico Fermi da Edward Teller lissafi da injin tebur.

A can ne wani abu ya faru da bai taɓa mantawa ba. Kafin gwajin bam na farko, wanda aka yi ranar 16 ga Yuli, 1945, wani masani ya kawo masa lissafi ya duba. Da ya tambayi na mene ne, sai aka gaya masa ai lissafin yiwuwar bam ɗin ya kunna wa iskar duniya baki ɗaya wuta ne. Nan take ya fasa miƙa wa na ƙasa da shi, ya zauna ya duba da kansa. Washegari ya shaida wa mutumin cewa tarawa da ninkawar duk daidai suke, amma shi ba zai iya tabbatar da alƙaluman iskar oksijin da naitirojin da aka ɗora lissafin a kansu ba, tunda ba a taɓa iya gwada su a irin wannan ƙarfi ba. Mutumin ya nuna masa cewa lissafi aka ce ya duba, sauran ba ruwansa, ya yi tafiyarsa. Hamming ya rage yana zagaye a baranda, hankalinsa a tashe.

Iskar duniya ba ta kama wuta ba. Amma bama-baman da suka biyo baya sun faɗa wa Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta, suka hallaka dubban mutane, kuma injinan da yake kula da su suna cikin abin da ya kai ga haka. Darasin da ya ɗauko daga wancan zagaye na baranda shi ne: aiki yana iya zama daidai daga sama har ƙasa, alhali yana zaune a kan wani abu da kai ba ka duba ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Safiyar Litinin

A 1946 ya koma ɗakunan binciken kamfanin waya na Bell, wato Bell Labs, a jihar New Jersey. Motar da ya yi tafiyar da ita tsohuwa ce da ya saya a hannun Klaus Fuchs, abokin aikinsu a Los Alamos. Bayan 'yan shekaru ya sayar da ita, ba a yi makonni ba sai ga shi an gano Fuchs ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ne. Sai da jami'an FBI suka zo suka yi wa Hamming tambayoyi. Tsautsayi, wai ba ya wuce ranarsa.

A Bell Labs ya yi zaman ofis ɗaya na wani lokaci da Claude Shannon, wanda ya kafa ilimin auna bayanai, ga kuma irin su John Tukey a sashen. An ɗauke shi ne don lissafin yadda ƙarfe da sauran kaya ke lanƙwasa su dawo, amma injinan lissafi suka cinye masa lokaci.

Injin da yake amfani da shi sunansa Model V. Ba irin kwamfutar da muka sani ba ce. Da rile take aiki, makunnin nan da maganaɗisu ke buɗewa da rufewa, wanda 'yan sashen lantarki suka sani sarai. Akwai su kusan 9,000 a ciki, ana kuma ba ta aiki ta zaren takarda mai huda. A rana ɗaya rile biyu ko uku sukan yi gardama. Waɗanda suka ƙera injin sun san da haka, don haka suka sa mata hanyar gane cewa lamba ta lalace. In ranar aiki ce, sai ta tsaya ta kunna fitilu, ma'aikata su zo su gyara. In kuwa dare ne ko ƙarshen mako, da babu kowa, sai ta watsar da aikin da take yi ta ɗauki na gaba.

Shi kuwa Hamming ƙarshen mako ne rabonsa. Ranar Juma'a ya ɗora aiki, Litinin ya zo ya tarar an watsar da shi tun da wuri. Ya sake ɗorawa, Litinin ta gaba ma haka. Ga mutanen da ya yi wa alkawarin sakamako suna jira. A nan ne tambayar ta zo masa: injin da ya iya gane cewa an yi kuskure, me zai hana ya gane inda kuskuren yake, ya gyara, ya ci gaba? Tambaya ce da yaro ma zai iya yi. Bambancin shi ne ya zauna ya amsa ta.

Masu gadi uku

Bari mu bi dabarar sannu a hankali, don ba ta da wuya. Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, kowane ɗaya ana ce masa bit. Tsohuwar hanyar gane kuskure ita ce a ƙara bit ɗaya a matsayin mai gadi. Aikinsa ya sa adadin 1 da ke cikin layi ya zama cika, wato wanda zai rabu biyu daidai. In wani bit ya juye a hanya, adadin ya koma mara, sai mai gadi ya yi ihu. Matsalar ita ce ihu kaɗai ya iya. Ya san ɓarawo ya shigo, bai san ɗakin da ya shiga ba.

Hamming ya ce a sa masu gadi da yawa, kowa da ɗakunan da yake dubawa, a kuma shirya su yadda babu ɗakuna biyu da masu gadinsu suka zo iri ɗaya. Ɗauki gurabe 7. Masu gadi suna zaune a gurbi na 1 da na 2 da na 4, saƙon kuma yana na 3 da 5 da 6 da 7. Mai gadi na 1 yana duba 1, 3, 5, 7. Na 2 yana duba 2, 3, 6, 7. Na 4 yana duba 4, 5, 6, 7.

A ce saƙonmu 1011 ne. In aka zuba shi a gurabensa aka cike na masu gadi yadda kowane rukuni zai zama cika, za a samu 0110011. Yanzu a ce bit na gurbi na 6 ya juye, layin ya koma 0110001. Mai gadi na 1 ya ƙirga nasa, ya ga 1 guda biyu, ya yi shiru. Na 2 ya ga guda uku, ya yi ihu. Na 4 ya ga guda ɗaya, shi ma ya yi ihu. Tara lambobin waɗanda suka yi ihu: 2 da 4, ya ba ka 6. Ga ɗakin ɓarawo nan. Tunda kuwa bit ba shi da wata kama sai 0 ko 1, sanin wurin shi ne gyaran: a juya shi kawai. Ɗauki biro ka gwada da kowane gurbi, har da na masu gadin kansu, za ka ga ba ta kuskurewa.

Amma fa tana da iyaka, kuma shi ya fara faɗa. In bit biyu suka juye lokaci ɗaya, masu gadin za su nuna ɗakin da ba shi ba, a je gyara a ƙara ɓatawa. Don haka ya ƙara mai gadi na huɗu da ke duba layin gaba ɗaya. Da shi, in kuskure ɗaya ne a gyara, in biyu ne a gane cewa abin ya fi ƙarfin gyara, a sanar. Ya kuma kawo ma'aunin da har yau ake kira tazarar Hamming, wato adadin guraben da layi biyu suka sha bamban. In kowane halastaccen layi ya yi nisan taku uku da ɗan'uwansa, wanda ya goce da taku ɗaya za a san gidan da ya fito.

Lauyoyin kamfani sun riƙe aikin har sai an nemi rajistar mallaka, don haka bai fito ba sai watan Afrilun 1950, a mujallar fasaha ta Bell, da sunan Error Detecting and Error Correcting Codes. Kafin nan Shannon ya riga ya kawo misalin gurabe bakwai ɗin a shahararriyar takardarsa ta 1948, tare da ambaton mai shi, Marcel Golay kuma ya faɗaɗa dabarar a 1949. A 1961 aka kai kwamfutar IBM 7030 Los Alamos, wurin da Hamming ya fara aikin injina. Kowace kalma a ma'adanarta bit 64 ce ta bayani da bit 8 na gadi.

Mutum mai tambayar da ba a so

Shekara 30 ya yi a Bell Labs, kuma bai tsaya kan abu ɗaya ba. A 1956 shi da Ruth Weiss suka samar da yaren shirya kwamfuta mai suna L2 don injin IBM 650. 'Yan sashen sadarwa za su haɗu da sunansa a tagar Hamming, wadda ake amfani da ita wajen tace sigina. A 1962 ya fitar da littafin Numerical Methods for Scientists and Engineers, inda ya dage cewa tulin alƙaluma ba shi da amfani in mai su bai ƙaru da fahimta ba. Ya shugabanci ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM daga 1958 zuwa 1960. A 1968 aka ba shi kyautar Turing, mafi girma a fannin, shi ne na uku da ya taɓa samu. An sha yi masa tayin kujerar shugabanci a wurin aiki yana kaucewa, don ya fi son bincike.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba a kowane lokaci, gaskiya. Ya taɓa komawa cin abincin rana a teburin masana sinadarai. Ana nan sai ya fara tambayarsu mene ne manyan matsalolin fanninsu. Bayan ɗan lokaci ya tambaye su a kan me suke aiki. Sannan ya kawo ta ƙarshe: in abin da suke yi ba shi da muhimmanci, kuma ba zai kai su ga mai muhimmanci ba, don me suke yin sa? Daga ranar ba a sake maraba da shi a teburin ba. Shi kansa ya keɓe yammacin kowace Juma'a, ba ya taɓa ƙananan ayyuka, sai tunanin inda fannin ya dosa. Ya kuma lura cewa masu rufe ƙofar ofis sun fi gama aiki a yau, amma masu barin ta a buɗe su suka fi sanin aikin da ya cancanci a yi.

A 1976 ya yi ritaya ya koma koyarwa a makarantar gaba da digiri ta sojan ruwan Amurka da ke Monterey a Kalifoniya. Can ya rubuta Digital Filters a 1977 da Coding and Information Theory a 1980. Ranar 7 ga Maris, 1986 ya gabatar da laccar nan mai suna You and Your Research, wadda har gobe ɗalibai ke nema su karanta. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, shi aka fara bai wa a 1988. Ya yi laccarsa ta ƙarshe a watan Disambar 1997. Bayan 'yan makonni, ranar 7 ga Janairu, 1998, bugun zuciya ya yi ajalinsa a Monterey, yana da shekara 82.

Inda tambayarsa ta kai yau

Rile ya tafi, amma kuskure bai tafi ba. A ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a Intel da IBM suka nuna cewa burbushin haske mai ƙarfi, daga kayan da aka naɗe guntun lantarki da su ko daga sararin samaniya, yana iya juya bit a cikin ram lafiyayye. Wani nazari da aka fitar a 2009 a kan kwamfutocin Google ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna samun kuskure a shekara. Shi ya sa manyan kwamfutocin da ake kira saba suke amfani da ram mai ECC, mai ɗauke da bit na gadi, bisa dabarar Hamming da jikokinta. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu ba su da irin wannan cikakken gadi.

In bit ɗaya ya juye, na'ura ta gyara shiru. To in abin ya fi ƙarfin gyara fa? Nan aiki ya koma hannun kanel, wato cibiyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ke raba ram da lokaci tsakanin sauran manhajoji. Furosesa zai aika mata da ƙararrawar gaggawa. A da, abin da kanel ke yi shi ne ta tsayar da komai, kamar dai Model V. Daga fitowar Linux 2.6.32 a watan Disambar 2009, ta samu hanyar da ta fi wannan. Sai ta nemo shafin ram ɗin da ya lalace, galibi mai girman kilobait 4, ta yi masa alamar guba ta cire shi daga aiki. In kwafin wani fayil ne da ke kan faifan ajiya ba a taɓa shi ba, ta watsar ta sake karantowa. In bayanin wata manhaja ce da ba shi da kwafi, ta aika wa manhajar sanarwa, galibi ita kaɗai za ta mutu. Sai in ɓarnar ta taɓa jikin kanel ɗin kanta ne kwamfuta za ta faɗi. Tambayar Hamming ce aka sake yi a hawa na sama: a gano wurin, a killace shi, sauran aiki ya ci gaba.

Yanzu mu dawo kan darasin baranda. Hamming bai taɓa rubuta wa Linux layi ɗaya ba, amma abin da ya tayar masa da hankali a 1945 yana nan a cikin yadda ake haɗa kanel. Linux tana da zaɓuɓɓuka sama da 10,000 da mai haɗawa zai kunna ko ya kashe, ta tsarin da ake kira Kconfig, kuma da yawansu a kan wasu suke zaune. Zaɓin killace shafi sunansa MEMORY_FAILURE. Ba ya kunnuwa sai nau'in furosesan ya nuna yana goyon bayansa, a kwamfutocin x86 kuwa wannan goyon baya ya rataya ne a kan X86_MCE, zaɓin da ke sa kanel ta saurari ƙararrawar furosesa. Kashe X86_MCE, ka buɗe make menuconfig, za ka nemi MEMORY_FAILURE ka rasa, don ba zai ma bayyana a jerin ba. A samansa kuma akwai ACPI_APEI_MEMORY_FAILURE, na injinan da manhajar cikin allon uwa ke fara karɓar rahoton kuskure, shi kuma yana buƙatar ACPI_APEI da MEMORY_FAILURE duka biyu.

Kalmomi biyu ne ke ɗaure wannan igiya. Ta farko, depends on, tana cewa ba za a ba ka wannan ba sai wancan yana nan. Ta biyu, select, tana kunna wani zaɓi da ƙarfi ba tare da duba ko nasa sharuɗɗan sun cika ba, shi ya sa masu kula da kanel suke gargaɗi a yi hattara da ita. In mai rubutu ya manta sharaɗi ɗaya, wani yanki zai kira aikin da ba a haɗa shi a ciki ba, haɗin ya watse. Wannan ma da sauƙi, tunda an gani. Don kama irinsa ne ake gwada haɗa kanel da zaɓin kan mai uwa da wabi ta make randconfig. Wanda ya fi muni shi ne wanda ya haɗu lafiya lau, ya tashi, ya yi wata shida yana aiki, alhali an bar zaɓin farfaɗowa a kashe. An sayi ram mai tsada, masu gadi suna nan, sun yi ihu a ranar da ɓarawo ya shigo, amma babu wanda aka tanada ya killace ɗakin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin sha'awa, ita kanta manhajar make da ake wannan haɗi da ita, a Bell Labs Stuart Feldman ya rubuta asalinta a 1976, shekarar da Hamming ya bar wurin.

'Yan'uwa ɗalibai, wasunmu za su fita daga nan su riƙe ɗakin saba na asibiti ko banki ko makaranta, inda tsayawar na'ura ke nufin layin mutane a rana ko bayanan da ba za su dawo ba. Kafin lokacin, ga ɗan aikin da ba ya cin ko sisi. Sauko da kanel ɗin Linux, buɗe make menuconfig, danna alamar / ka rubuta MEMORY_FAILURE. Za ta nuna maka abin da ya dogara a kai da abin da yake kunnawa. Bi kowane ɗaya ka ga shi kuma a kan me yake zaune, har ka kai ƙasa. Sannan ka ɗauki biro ka juya bit ɗaya a cikin 0110011, ka bar masu gadi uku su nuna maka inda ka taɓa. In ka yi waɗannan biyun ranar Juma'a da yamma, ka yi amfani da lokacin yadda mai dabarar yake yi.